Wa Zai Riƙe Yaron? Waiwaye Kan Uwa, Gida da Aiki a Ƙasar Hausa

Yau da wuya a yi maganar auren yarinyar da ta yi karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba a taɓo zancen aiki ba. Tun kafin a sa rana iyayenta za su nemi a faɗa musu gaskiya, za a bar ta ta yi aiki ko ba za a bar ta ba. Wani saurayin ya amsa da baki, sai an haihu ya janye. Wani kuma ya ce shi dai matarsa ta zauna ta yi masa tarbiyyar 'ya'ya, zai ɗauke mata komai. A gidajen rediyo, a wajen suna, a majalisar bakin titi bayan la'asar, gardamar ɗaya ce: masu cewa uwar da ta fita aiki ta musanya tarbiyyar 'ya'yanta da albashi, da masu cewa wadda ta zauna ta binne karatunta da ranta. Amma duka ɓangarorin biyu a kan zato ɗaya suka gina maganarsu, wai an yi wani zamani da uwa Bahaushiya ba ta da wani aiki sai raino, daga baya boko ya zo ya fitar da ita. Tarihi bai yarda da wannan ba. Kakanninmu sun yi aiki, sun nemi na kansu, da goyo a bayansu. Abin da ya sauya shi ne wurin da aikin yake, da hannun da ke karɓar yaro idan uwa ta duƙufa.

A ƙarni na 19, zama a gida gata ne, ba kowace mace ke samunsa ba. Matan sarakuna da malamai da attajirai su ne ke cikin kulle. Bayi mata a rinji su ke noma, su ɗebo ruwa, su yo itace, jariri na goye ko yana kwance a inuwar gefen gona. Su ma na cikin kullen ba a zaune suke ba. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya yi mamakin yadda tufafin birnin ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma zaren da masaƙa suka saƙa, marina suka rina, hannun mata ne ya kaɗa shi. Mace ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ta fitar da abawa ko zare mai laushi. Aiki ne da ake yi a zaune, a ajiye idan yaro ya yi kuka, a ɗauka idan ya yi barci. Babbar masana'antar ƙasar Hausa ta wancan zamani, tushenta yana tsakar gida.

Ilimi ma an yi masa dabarar da zai iske uwa inda take. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Masu muƙamin jaji, wato dattawan matan da ta naɗa, su ke jagorantar tafiya daga ƙauyuka zuwa wurinta, tare da 'yan mata ƙanana, su koyo karatu su koma su karantar da matan aure a gidajensu. Mai shayarwa ba ta yi tafiyar ba, amma karatun ya je mata.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kullen da muke ɗauka al'adar kaka da kakanni ce, a ƙauyuka bai game gari ba sai zamanin Turawa. Dokar 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, sannan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa matan da suka fita daga bauta sun yi watsi da aikin gona, domin a idonsu fita gona alamar baiwa ce, zama a ɗaki kuma alamar 'ya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, manomi ya sami abin da zai ɗauki ɗan ƙodago ya hutar da matarsa. Inda ruwa ke kusa aka haƙa rijiya a cikin gida, jaki ya ɗauke dakon itace. Inda waɗannan ba su samu ba kuwa, kamar wajen Maguzawa da ƙauyuka da dama na ƙasar Maraɗi, mace ta ci gaba da noma gayaunarta ko gamanarta har yau. Ke nan karon farko da talakar mace ta zaɓi zama a gida, 'yanci take nema, kuma ta cancanci a fahimce ta a kan haka.

To da ta zauna, me ta yi? Kasuwa ta buɗe. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a wajen 1967, ta tarar da cewa cinikin hatsi da abinci na garin, mai yawansa a cikin gidaje ake yinsa, daga wannan ɗaki zuwa wancan, ba tare da mace ta taka ƙofar zaure ba. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ba ya buƙatar Baturiya ta gaya masa. Tun asuba mai ƙuli-ƙuli ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe ɓawon, aka kai niƙa ko aka daka. Ta zuba tunkuzar a turmi tana juyawa da muciya, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya fara tsatsafowa. Ta matse, ta ɗure man a kwalba, ta mulmula sauran ta jefa a kasko. A ɗakin da ke kallon nata ana kirɓa fura, a gidan maƙwabta ana dafa kalwa za a yi daddawa, wata na ɗinkin hula, wata na kitso, wadda ba ta da jari tana dakau ko wankau. Kuɗin da ya shigo nata ne, domin shari'a ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, ta bar wa mace dukiyarta. Da shi take zubin adashi, take biki, take sayen akuya, take tara wa 'yarta kwalla da tasa da samira tun yarinyar ba ta yi wayo ba. Da shi kuma take cike giɓin cefane idan maigida ya gaza, ko da yake wannan ba a faɗarsa a fili. Kuma shi ne madogararta ranar da aka miƙo mata takardar saki, abin da ba baƙo ba ne a aurenmu.

A wancan gida ba a tambayar wa zai riƙe yaro. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, uwa ta yi wankan jego kwana arba'in ana yi mata komai. Ta dawo ta tarar da uwar miji, da faccaloli, da kishiya, da ƙannen miji. Jariri na yawo daga wannan baya zuwa wancan, har wani sa'in sai ya ji yunwa ake neman uwarsa. Lokacin yaye ya yi, kaka ta ɗauke shi. Riƙo ya raba nauyin 'ya'ya tsakanin dangi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'yan 'yan'uwa har ta aurar da su. Ba na cewa gidan ba shi da tsangwama da kishi da gori. Yana da su, wasu matan sun sha wuya a cikinsa. Amma uwa ɗaya ba ta taɓa zama ita kaɗai da yara huɗu daga safe zuwa dare ba.

Akwai kuma wadda ta biya kuɗin wannan tsari, kuma ba kasafai ake ambatonta ba idan ana yabon zamanin da. 'Yar talla ce. Uwar da ba ta fita dole wani ya zama ƙafarta. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas ta ɗauki farantin ƙosai da safe, ta dawo ta ɗauki na alala da rana, ta sayo kayan miya, ta kai saƙo, ta karɓo bashi, ta goyi ƙaninta a tsakani. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwanni biyu na cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya kacokan a kan yara. Uwa ta samu ta haɗa gida da neman kuɗi, amma lokacin 'yarta ne ya tafi.

Boko ya shigo wa mata a makare, kuma a hankali. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, a 1939 aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato. 'Ya'yan sarakuna da na fadawa da na barorinsu aka fara turawa, abin da ake koya musu kuma bai wuce karatu da rubutu da tsabta da ɗinki da raino ba. Turawan ma matar gida suke son fitarwa, ba ma'aikaciya ba. Sai dai buƙata ta fi ƙarfin niyyarsu: makarantar 'yan mata na son malama, asibitin mata na son ungozoma da nas. Daga nan aka sami rukunin farko na matan Arewa masu albashi, 'yan ƙalilan, waɗanda suka sha suna iri-iri a bakin mutane. A siyasa ma haka, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a jam'iyyar NEPU tana neman a bar mata su yi zaɓe, matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekaru da yawa bayan 'yan'uwansu na Kudu.

A wannan tsakanin ne sana'ar tsakar gida ta fara zaizayewa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya kori mazari. Injin niƙa ya cinye dakau, kamfanonin mai suka shiga gasa da mai ƙuli-ƙuli, taliyar leda da magi suka rage kasuwar taliyar murji da daddawa. Sannan a watan Satumban 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An sha cewa iyayen Arewa sun ƙi sa 'ya'ya mata a makaranta saboda jahilci ko tsoron lalacewa. Akwai wannan, amma akwai lissafi ma. Uwar da aka ɗauke wa 'yar talla daga safe zuwa azahar an rufe mata shago ne, kuma ba wanda ya zo ya tambaye ta da me za ta yi wa yarinyar kayan ɗaki.

Duk da haka ƙofa ta buɗe, ta fuskoki biyu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a Kano, matan aure suka shiga ajin yaƙi da jahilci. Makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita, musamman bayan kafuwar ƙungiyar Izala a 1978, aka kuma kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985. Wannan ya sauya yanayin gardamar, domin yanzu mace na iya kawo hujja daga cikin addini: Nana Khadija 'yar kasuwa ce, Zainab bint Jahsh tana jima da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Hijabi ya zama suturar da ta ba mace damar fita makaranta da asibiti da ofis ba tare da an zarge ta ba. Marubuta mata suka ɗauki zancen. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A na farkon yarinyar da aka katse wa karatu ce ta koma ta zama nas, a na biyun kuwa uwa ce da miji ya kora da 'ya'ya ta riƙe su da sayar da abinci. Mata sun karanta littattafan nan domin sun san masu irin wannan labari a unguwarsu.

Amma abin da ya fi fitar da uwa daga gida ba wa'azi ba ne, ba littafi ba ne, tsadar rayuwa ce. Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, albashin mutum ɗaya ya daina riƙe gida. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka yi ta rufewa, magidanta suka dawo gida hannu rabbana. Makarantar gwamnati ta lalace, aka koma ta kuɗi. Janye tallafin man fetur a 2023 ya ƙara wa wutar iska. A gidaje da yawa, maigidan da ya yi rantsuwa matarsa ba za ta yi aiki ba shi ne ya koma yana nema mata koyarwa a makarantar unguwa.

A daidai lokacin da aiki ya bar tsakar gida, shi ma babban gidan ya watse. Amarya yanzu gidan haya ake kai ta, ɗaki biyu da falo a Rijiyar Zaki ko Rigasa ko wata unguwa a gefen Abuja, a ja ƙofar ƙarfe a rufe. Uwar miji na can cikin gari ko a ƙauye. Kishiya, in akwai, gidanta daban. Wadda ta zaɓi zama ta sami kanta ita kaɗai da yara da wanki da girki, babu faccalar da za ta miƙa wa jariri ta yi wanka. Wadda ta zaɓi aiki kuma kwanakin hutunta na ƙarewa take fara zulumi. A gidaje da yawa an yi irin wannan zance:

"Inna, ranar Litinin fa zan koma."

"To shi wannan ɗan tayin wa za ki bar wa?"

"Shi ne na ce ko za ki sa a samo mini yarinya daga ƙauye."

"Allah Ya kyauta. Bari in yi wa gwaggonki magana."

Na ga ƙarshen irin wannan zance a wata makarantar firamare. Malama na cikin aji tana rubutu a allo, a gindin darbejiya kuma an shimfiɗa tabarma, yara mata uku kowace da jariri a cinya ko a baya, babbarsu ba ta wuce shekara goma ba. Jaririn ya yi kuka, mai rainon ta taso ta tsaya a bakin taga, malama ta fito ta juya baya ta ba shi nono, ta koma. Ɗaliban da ke cikin ajin sa'o'in masu rainon ne. Suna jin karatun ta taga, ba a rubuta sunansu a rajista ba.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. 'Yar tallan jiya ita ce 'yar aikin yau, sai dai ta jiya ko ba komai a gaban uwarta take kwana. Ta yau dillaliya ce ke kawo ta, a biya kuɗin wata a hannun iyayenta ko hannun dillaliyar, ta riga kowa tashi, kowa ya riga ta kwanciya. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma wa ke shiga gidaje ya duba? Kuma kada a ɗora laifin a kan ma'aikata mata su kaɗai. Gidajen da uwa ke zaune ba ta fita ko'ina su ma cike suke da 'yan aiki. Mazan da ke zaune a majalisa suna yanke wa mata hukunci, da yawansu ba su taɓa tambayar shekarun yarinyar da ke wanke musu kwano ba.

Doka ta ɗan motsa, amma ba ta yi nisa ba. Dokar Ƙwadago ta ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin aikin, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya na samun mako 16. Legas a 2014, Kaduna a 2019, sun mayar da hutun ma'aikatansu wata shida, daidai da tsawon lokacin da likitoci ke cewa a ba jariri nono zalla. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ma'aikatan gwamnati kaɗai ya shafa. Malamar makarantar kuɗi, wadda albashinta sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, ana yin arba'in take komawa don kada a ba wata gurbinta. Mai soya awara a ƙofar gida ba ta da wanda za ta kai wa takardar hutu.

Wayar hannu ta dawo da wani abu na tsohon tsarin. Mata da yawa, har da masu digiri, suna sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin da cincin ta WhatsApp da Instagram, kuɗi ya shigo ta banki, ɗan sahu ko mai babur ya kai kaya. Kasuwar tsakar gida ce ta farfaɗo, kuma wannan karon ba sai an cire yarinya daga aji ta yi talla ba. Ina murna da wannan ƙwarai. Sai dai ba kowane aiki ke shiga waya ba. Ba a karɓar haihuwa ta WhatsApp. Al'ummar da ke son mace ta duba matarta a ɗakin haihuwa, mace ta karantar da 'yarta, tana buƙatar wasu iyaye mata su bar gida da safe, wasu ma su kwana a asibiti.

An gwada amsa tambayar wa zai riƙe musu yaro a wani wuri, kuma amsar ta yi aiki. Shirin Women for Health, wanda ya fara a 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya tarar da cewa ba jarrabawa kaɗai ke hana matan karkara shiga makarantun ungozoma da nas ba, har da rashin inda za su ajiye goyo. Aka tanadi ɗakunan raino da masaukin masu shayarwa a cikin makarantun, aka zauna da mazaje da masu unguwanni aka yi magana, matan aure suka zo suka yi karatu suka koma garuruwansu da aiki. Abin da aka yi a can ba ya fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ko mai makarantar kuɗi ko shugaban asibiti: ɗaki ɗaya mai iska kusa da wurin aiki, da tabarmi da ruwa mai tsabta, da dattijuwa ɗaya ko biyu da za a riƙa biya albashi a kan raino. Zawarawa da gwauraye mata masu neman abin yi suna nan a kowace unguwa, sun kuma fi yarinya 'yar shekara tara sanin yadda ake riƙe jariri mai zazzaɓi. Ita kuma yarinyar a rubuta sunanta a rajista, ta shiga ajin.